Muwon na Ƙarfe Bakwai

Abin kunya na yi, kuma gara ku ji daga bakina. Digirina na uku a kan muwon nake yi, wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ke zubowa daga sama dare da rana, ido ba ya ganinsu. Sukan ratsa ruwa, amma iya zurfinsa iya raguwarsu. Na zura na'urar ƙirga su a ƙasan dam ɗin garinmu, na damƙa gadinta ga wani masunci, Baba Jatau, na koma ofis ina karɓar sakamako a kwamfuta. Ƙirgar ta dace da lissafina tsaf, sai abu guda: kullum ƙarfe bakwai na safe adadin yakan yi tsalle na minti goma, sannan ya koma. Wata uku ina fama. Na zargi rana, na zargi iskar sama, na sake lissafi har sau tara. Daga ƙarshe kaina ya kumbura, na yanke cewa na gano abin da duniya ba ta sani ba. Har suna na raɗa masa, kuma ba sai na gaya muku sunan wa ba. Babi biyu na kundina a kansa suka tsaya, ga jarrabawa saura mako uku. Farfesa Gambo da ke duba aikina ya karanta, ya ce kafin ya sa hannu in je in ga ƙarfe bakwan nan da idona. Na tafi ina ƙunƙuni.

Ina isa dam ɗin da ƙarfe bakwai na tarar da Baba Jatau a kwalekwale, ya jawo na'urata sama, yana goge mata gansakuka da gefen rigarsa. Na tambaye shi tun yaushe yake wannan aiki, ya ce tun ranar farko, don masunci ba ya kwanar da abu a ruwa bai ɗaga ya duba da safe ba.

Na ce, "Baba, ka kashe ni! Wata uku ina neman dalilin abin nan a sararin samaniya, me ya hana ka gaya mini?"

Ya mayar da ita ruwa a hankali, ya ce, "Ai sama ka yi ta tambaya, Malam. Da ka taɓa ce mini 'ya aiki', da tuni ka gama digirinka."