Yadda Ake Gyaran Lagireto Ga Wanda Bai Taɓa Riƙe Sifana Ba

Tsohuwar mota ce a gabanka, tana tafasa a hanya kamar tukunyar wake, hitarta kuma sanyi take hurawa a tsakiyar ɗari, kai kuwa ba ka san komai ba? To ka zo inda ya dace. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari kafin rana ta faɗi za a kira ka usta, wato babban makanike a bakin mutanen Sabha ta Libiya, mai motar da kansa zai miƙo maka shayi. Hanyar gwadaddiya ce. Hamidou mutumin Tawa ya bi ta daga farko har ƙarshe, a shekarun nan da rediyon Libiya ba shi da zance sai Afirka gida ɗaya ce, aka buɗe iyaka, kowa ya ɗaure jakarsa ya nufo arewa. Da labarinsa zan koya maka.

Mataki na 1: Fara zama makanike a baki

Kada ka ɓata lokaci wurin koyo. Masu koyo suna can ƙarƙashin mota mai na ɗiga musu a ido.

Hamidou kullum da safe yana tsaye bakin titi a unguwar Jadid ta Sabha da shebur a kafaɗa, cikin leburori, ana jiran wanda zai tsaya ya nuna mutum da yatsa. Wata rana a kwaɓa siminti, wata rana a koma ɗaki hannu rabbana. Amma yana da yaya, Rahamatou, wadda ta goye shi yana ƙarami. Tana zaune a Samnu, garin lambuna, tare da mijinta Seydou mai kula da gonar wani Balarabe, Zuhair. Ranar da ya kai mata ziyara ta dube shi ta ce, “Hamidou, wai aikin me kake yi a birni?”

Kunya ta kama shi. Ya ce, “Gareji, Yaya.”

Ka ga kalma ɗaya ta wadatar. Sauran aikin 'yan'uwa za su yi maka. Kafin wata ya ƙare babu matar da ke ɗibar ruwa a Samnu da ba ta san ƙanen Rahamatou babban makanike ba ne.

Mataki na 2: Sayi kayan aiki, wato riga

Da a-kori-kurar Zuhair ta fara ciwo, Rahamatou ce ta tsaya a kan mijinta. “Ga ɗan gida, za a kai mota wurin bare?” Seydou mutum ne mai nauyin baki. Ya ce, “Kin tabbata?” Ta ce, “Ƙanena ne fa.” Shi ke nan ya je ya saka bakinsa wurin maigida, ya aika wa Hamidou.

A nan raggo yake cewa ba shi da lafiya. Kai kada ka yi haka. Hamidou ya shiga gwanjo ya sayi shuɗiyar rigar makanikai, ya goga mata baƙin mai a ƙirji da gwiwa, ya ari sifana da filaya, ya hau motar Samnu. A hanya ya yi ta lallashin kansa: mota ai ƙarfe ce, shi kuwa mutum ne mai hankali.

Mataki na 3: Buɗe bonet, ka yi tsaki

Zuhair dattijo ne mai ciwon gwiwa, da Hausarsa ta kasuwa. Ya dafa motar kamar mai dafa kafaɗar tsohon aboki. Ita ke kai tumatirinsa Sabha tun 'ya'yansa na ƙanana.

Ya ce, “Mota akwai zafi. Ni akwai sanyi. Kai gyara.”

Seydou ya ƙara bayani: allurar zafi na hawa har ja, ruwa na ɗiga a ƙasa, hita kuma ta daina ɗumi, maigida na isa kasuwa gwiwoyinsa sun sandare.

Kada ka duba inda ruwan ke ɗiga. Wannan aikin masu ƙaramin sani ne, kuma idan ka duba kana iya ganin tiyo ne kawai ya tsage, a ɗaure shi a wuce wurin, a rasa abin da za a yabe ka a kai. Hamidou ya buɗe bonet, ya ja tsaki mai tsawo.

“Wa ya taɓa motar nan kafin ni?”

Aka faɗa masa wani gareji ne a unguwar Sukra. Ya girgiza kai ya ce, “Allah Ya isa.” Rahamatou na tsaye bakin rumfa da tire a hannu, sai murmushi take tana kallon matan maƙwabta.

Mataki na 4: Duk abin da ba ka gane ba, cire shi

Injiniyoyin da suka ƙera mota ba su taɓa zuwa saharar Fezzan ba, saboda haka rabin abin da suka saka a ciki ƙawa ce.

Hamidou ya bi babban tiyon lagireto, wato tankin da ke sanyaya ruwan inji, ya kwance ƙusoshi, ya tarar da wani ɗan ƙarfe mai sifirin. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya. Bai san sunansa ba, balle aikinsa. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

“Ga ɓarawon. Wannan don ƙasar ƙanƙara aka yi shi.”

Ya wurga shi bayan dabino. Seydou ya bi abin da ido har ya faɗi, ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya rufe.

Mataki na 5: Ciyar da lagireto

Yanzu saura yoyo. Ka taɓa ji a wata hira cewa ƙwai na toshe huda? To ya zama ilimi. Hamidou ya ce a kawo ƙwai da garin barkono. Rahamatou ta kwaso duk na kajinta, waɗanda take tara wa Seydou, ta kawo da gudu. Ya fasa su cikin lagireto, ya bi da barkono, ya cika da ruwan rijiyar gona mai gishirin da ko sabulu ba ya kumfa a ciki.

Aka tayar da inji. Can sai ɗigar ta tsaya. Huda ta toshe, tare da duk wata hanyar da ruwa ke bi, amma wannan ciki ne, babu mai gani.

Zuhair ya leƙa ƙarƙashin mota ya ce, “Ma sha Allah.”

Mataki na 6: Hita

Hita dai ta ƙi, don ruwan zafin da ya kamata ya ratsa ta yanzu wainar ƙwai ce. Gumi ya keto wa Hamidou. Nan ne ya kusa faɗin gaskiya, har ya juyo ya ce, “Yaya...” Ta matso da sauri fuskarta cike da haske ta ce, “Me za a kawo maka?” Ya ce, “Ƙusa da guduma.”

Ka tuna mai mota ɗumi ya nema, bai faɗi daga inda zai fito ba. Hamidou ya kwanta wajen ƙafar direba ya huda ƙarfen da ya raba inji da mazauni, ya yi ta hudawa har wurin ya koma rariya. Hucin inji ya shigo, da hayaƙi, da warin mai. Zuhair ya zauna, ya miƙe ƙafafu, ya lumshe ido.

“Usta,” in ji shi. “Miya miya.” Wato babu abin cewa.

Mataki na 7: Kwantar da allura

Duk wanda ya faɗa maka zafin inji ne matsala, bai fahimci sana'a ba. Allura ce matsala, ita ke kai tsegumi wurin mai mota. Da Hamidou ya ga ta fara ɗagowa, sai ya lallaɓa ya bi wayoyi yana tsinkewa ɗaya-ɗaya har ta faɗi ta kwanta. Fitilar hagu ma ta mutu a cikin hidimar, amma rana ce.

Aka yi shayi. Rahamatou ta yanka zakara. Zuhair ya riƙe hannun Hamidou ya ce rediyo ya yi gaskiya, Afirka duk 'yan'uwa ne. Hamidou ya ci nama, har ya fara gaskata kansa.

Mataki na 8: Bar garin kafin a gwada aikinka

Wannan shi ne mataki mafi girma, kuma shi Hamidou ya tsallake. Ya so ya gudu da yamma, Rahamatou ta rantse sai ya kwana, gobe ai mota za ta kai tumatir Sabha, ga kujera kyauta. Da safe aka loda kwanduna. Seydou na tuƙi, Zuhair a gefensa, Hamidou da yayarsa a baya, ita za ta je sayen atamfa.

Sun bar dabinon Samnu a baya, babu komai sai kwalta da rairayi, sai wari ya fara tasowa. Rahamatou ta shaƙa ta ce, “Wa ke soya ƙwai?” Hamidou ya kau da kai yana kallon sahara. Inji ya fara ƙwanƙwasa. Allura na kwance abinta cikin kwanciyar hankali. Sai farin tururi ya turnuƙo ta hudojin nan ya cika mazaunin gaba, Zuhair na tari yana salati, Seydou ya gangara gefen hanya.

Mataki na 9: Nuna jarumta

Ana cewa kada a buɗe murfin lagireto yana zafi. Matsorata ne suka ƙirƙiro zancen. Hamidou ya diro, ya ɗaga bonet, ya kai hannu.

“Kai, bari!” Seydou ya yi tsalle ya bangaje shi, amma murfin ya riga ya juya. Ruwan ya yi sama. Hamidou ya faɗi can gefe ko ɗigo bai same shi ba. Seydou ne ya tare da hannunsa, daga wuyan hannu har gwiwa.

Bai yi ihu ba. Ya durƙusa a rairayi yana riƙe da hannun yana kiran sunan Allah a hankali. Rahamatou ta ruga ɗauko jarkar ruwan sha don ta zuba masa, ta tarar Hamidou ya riga ta, yana tuttula ruwan a kan inji don ya huce. Suka ji ƙara, ƙas, kamar an fasa faranti. Ƙarfen kan inji ya tsage. Ka lura da kyau: a motsi ɗaya ya kashe mota ya kuma ƙarar da ruwan. Ba kowa ke iya wannan ba.

Zuhair ya zagaya motarsa, ya dafa ta, ya janye hannu don zafi. Bai yi zagi ba. Ya dubi Seydou ya ce, “Kai ka ce usta.”

Seydou ya sunkuyar da kai. Rahamatou na yaga gefen mayafinta tana naɗe masa hannu, ba ta ɗago ba ta ce, “Hajji, ni na ce. Shi bai ce ba.”

Har babbar motar da ta ja su ta iso, rana ta kai tsaka, tumatir ya narke yana zuba ta ƙasan kwanduna, Rahamatou ba ta dubi inda Hamidou yake ba.

Mataki na 10: Karɓi sabon muƙami

Zuhair na iya kiran 'yan sanda, kuma a Sabha baƙo ba ya so ya ji wannan kalma, komai daɗin bakin rediyo. Yana kuma iya korar Seydou. Rahamatou ta je ta zauna ƙofar gidan Zuhair tun safe, ta ƙi shiga inuwa, har matarsa ta fito ta sa baki. Aka tsayar da magana: Seydou zai zauna a gona ya yi jinya. Motar an jingine ta a kan duwatsu, kaji sun samu ɗaki. Zuhair ya sayi jaki da amalanke, kuma wanda zai riƙa kai kwanduna bakin titi har kakar tumatir ta wuce, yana kuma yin ban-ruwan da hannun Seydou ba zai iya ba, shi ne usta.

Ya yi. Hamidou yana tashi kafin kowa, yana kwana a rumfar kaya. Rahamatou na ajiye masa tuwo a kan dutse ta juya, ko kanzil. Matan rijiya kuwa idan ya wuce sai su gaishe shi da ladabi, “Usta, ya gareji?” Seydou kaɗai ke yi masa magana, shi ma a kan tiyon ban-ruwa.

Wata safiya jakin ya ƙi tashi. Ya kwanta, yana numfashi sama-sama, kunnuwa a sake. Zuhair da Seydou suka tsaya a kansa suna shawara. Hamidou ya matso, ya tsuguna, ya kai hannu zai taɓa cikinsa.

“Ina jin kamar na gane abin da ke damun...”

Rahamatou ta fito daga rumfa da taɓarya a hannu. Maganarta ta farko gare shi ke nan tun ranar hanya.

“Hamidou. Taɓa shi ka gani.”

Ya janye hannunsa. Jakin ya rayu.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da mota, ba shi da suruki a Samnu, kuma ba ya amsa sallama idan an zo da hannu a naɗe. Duk wanda ya bi matakan nan injinsa ya tsage, ko kayansa suka ruɓe, ko yayarsa ta daina kiran sunansa, ya nemi wanda zai kai wa kuka can wani wuri. An yi maka alkawarin shayi da sunan usta, kuma ka samu. Ba a ce maka motar za ta isa Sabha ba.