Ƙiyasin Jatau Tela

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe tarihin gwarzon zamani, maɗaukakin nasaba, Jatau ɗan Cindo ɗan Arzika, jikan masu allura, garnaƙaƙi dodon shadda, sadaukin da almakashinsa bai taɓa fita fagen daga ya dawo babu ganimar ƙyalle ba, wanda jama'ar Tungar Bagaruwa suka ɗora wa amanar ƙiyasta kuɗin gina sansanin 'yan sintiri, ba don ya taɓa ɗora bulo a kan bulo ba, sai don duk garin shi kaɗai ke da tef ɗin awo.

Lamarin kuwa ba na wasa ba ne. Masu tsaron garin ba su da inda za su fake, damina ta ƙarato, Alhaji Sambo Maigoro kuma ya yi alkawarin ɗaukar nauyin ginin muddin aka kawo masa ƙiyasi kafin ya koma fatauci.

Sai sadauki ya yi ɗamara, ya rataya tef a wuya, ya soke fensir a kunne, ya fuskanci fagen fama. Da yake makamin nasa bai wuce tsawon wando ba, a durƙushe ya ci filin da yaƙi, ƙaya na sukarsa, rundunar cinnaku na kawo farmaki ta ƙafar wando, shi kuwa yana kirari: "Sai ni Jatau, mai auna ƙato a tsaye!" Ya auna ɗakin kwana, ya auna masallaci da makewayi. Daga nan ya yi hawa zuwa kasuwa, ya yi wa masu siminti da kwanon rufi ƙawanya har suka miƙa wuya, suka faɗi farashin gaskiya.

A nan ne babban jihadi ya taso, na zuciya. Hannun da ya saba ƙara yadi a kan kowane ɗinki ya soma ƙaiƙayi. Amma ya tuna aikin Allah ne, ya yi a'uziyya, ya rubuta ƙiyasi cif, ko ƙusa ɗaya bai ƙara ba. Wallahi na tausaya masa, don tun da ya kama sana'a bai taɓa yin haka ba. Har zazzaɓi ya yi.

Alhaji Sambo ya karɓi takarda, ya duba, ya yi murmushi.

"Malam Jatau, ni da kai ba yau muka fara ba. In ka ce yadi goma, shida nake saya, kuma riga ta fito har da hula."

Jatau ya rantse, ya sake rantsewa. Alhaji ya ce ai haka yake rantse masa kowace sallah, ya ba da shida cikin goma, ya shiga mota.

Sansanin yana nan a bakin gari, bango har wuya, sama a buɗe. Ranar ruwan farko 'yan sintiri, a jiƙe sharkaf, suka aika wa Jatau cewa riga dai ta yi kyau, hular ce ba ta fito ba.