An Ce In Taya

A duk tarihin garin Tsamiyar Liman, mutum ɗaya ne tak ya taɓa yin galaba a kan tsadar kaya. Shi ɗin ma bai san ana yaƙi ba.

Sunansa Nomau. Ya haura shekara arba'in, yana da ƙarfi, yana da keke, kuma tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya yi musu da kowa ba. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Mutane kan yaba wannan hali matuƙa, har zuwa ranar da suka aike shi. Su uku ne a gidan: shi, da yayarsa Hansai, wadda ta yi shekara talatin tana aikin unguwarzoma a asibiti kafin gwiwoyinta su ajiye aiki ita ma ta bi sahunsu, sai mahaifinsu Baba Cindo. Baba ya kai casa'in, haƙoransa sun riga shi yin sallama da duniya. Ba ya neman nama, ba ya neman sabuwar riga. Abin da ya rage masa shi ne kofin shayi da madara kowace safiya. In shayin ya yi fari, sai ya kurɓa ya yi hamdala, ya yi wa duk gidan addu'a har da kaji.

Fanshon Hansai ne ke riƙe da gidan, kowace Asabar ta ware na cefane. Da can kuɗin yana kai su Asabar zuwa Asabar. Daga baya ya koma sauke su a Alhamis ya yi gaba. Madarar Baba kuwa ita ke fara ƙarewa.

Ana haka aka buɗe manyan kantuna biyu a bakin titin birni, tafiyar rabin awa a keke, irin waɗanda mutum ke shiga ya ɗebi kaya da hannunsa ya biya a ƙofa. Sunayensu na Turanci ne masu tsawo, don haka mutanen gari suka raɗa musu Mai Gilashi da Mai Tuta. Hansai ta ji a rediyo cewa mai hankali ba ya sayen komai sai ya gwada farashin wannan kanti da na wancan. Ta dubi gwiwoyinta, ta dubi Nomau, ta yi ajiyar zuciya.

Wata rana ta miƙa masa kuɗi da takardar cefane.

"Kada ka yi gaggawar saye," in ji ta. "Ka fara zagaya Mai Gilashi, ka zagaya Mai Tuta, ka ga inda ya fi, sannan ka saya."

"To, Yaya."

Ya jingine keke ya shiga zagaya ginin Mai Gilashi ta waje. Ya ga janareta, ya ga kwata, ya ga wata akuya tana cin kwali. A zagaye na uku mai gadi ya tare shi da kulki.

"Malam, lafiya kake ta kewaye mana gini?"

"Lafiya lau. Zagayawa aka ce in yi."

Mai gadi ya sauke kulki, fuskarsa ta yi laushi. "Ayya, bawan Allah, ai da ka faɗa tun ɗazu." Ya kai shi wata ƙofa a baya, ya miƙa masa buta. Nomau ba shi da wata buƙata, amma a ganinsa rashin kunya ne a yi wa mutum karamci ya ƙi. Ya shiga ya tsaya gwargwadon abin da ya dace, ya fito ya yi godiya. Mai Tuta ma ya zagaya ta sau uku, babu wanda ya ba shi ko da buta. Saboda haka ya koma Mai Gilashi ya yi duk cefanen a can, wato a kantin da ya fi tsada.

"Yaya, sun fi nesa ba kusa ba," ya ce da ya dawo. "Bayinsu har da madubi."

Wata rana Hansai ta zaunar da shi, ta yi masa bayani dalla-dalla irin yadda take yi wa masu cikin fari.

"Ciki za ka shiga, ka ji ko? Ciki. Ka ɗaga wannan ka duba, ka ɗaga wancan ka duba. Wanda ya fi sauƙi shi za ka ɗauko."

Nomau ya shiga ciki. Ya ɗaga babban gwangwanin madara, ya ji nauyi. Ya ɗaga ƙarami, ya ji dama-dama. Sai ya hangi 'yan ƙananan ƙulli na leda, irin na shayi kofi ɗaya. Ya ɗora ɗaya a tafin hannu, ko ji bai yi ba. Haka ya bi shinkafa da sukari da sabulu, yana ɗagawa yana ajiyewa, har ya gano mafi sauƙi a kowanne. Ya dawo gida yana fito, cefanen mako guda a leda ɗaya rataye a ɗan yatsa, kuɗi kuma sun ƙare tas.

"Ina kayan?"

"Ga su, Yaya. Ban taɓa cefane mai sauƙin wannan ba. Keke ma bai san an ɗora masa kaya ba."

A makon nan tun Laraba Baba ya koma baƙin shayi. Ya leƙa kofin ya daɗe yana dubawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Hansai, don haka bai taɓa kiran ta da sunanta ba.

"Uwata, saniyar ta yi tafiya ne?"

"Tana hanya, Baba."

"Allah ya kawo ta lafiya."

Ya shanye, ya yi hamdala kamar kullum. Nomau yana gefe yana goge keke. Ya san akwai inda ya kuskure. Ya bi maganar Yaya kalma-kalma a ransa, bai ga wadda ya tsallake ba.

Wata rana labari ya zo cewa man gyaɗa zai yi araha a Mai Tuta.

"Komai ka saya," in ji Hansai, "amma mai kada ka taɓa shi sai farashinsa ya sauko."

Farashin yana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a kanta ta can sama. Nomau ya nemi wuri ƙarƙashinta ya zauna ya zuba mata ido. Hantsi ya wuce. Wata ma'aikaciya mai share-share ta zo ta wuce, ta dawo ta sake wucewa, sannan ta kasa haƙuri.

"Malam, wani abu kake nema?"

"A'a, jira nake farashin nan ya sauko."

Ta yi dariya har da riƙe tsintsiya. "Wannan kam sai ikon Allah."

"Shi nake jira," in ji Nomau.

Gab da azahar aka kunna babbar fanka. Takardar ta yi rawa, ta yi rawa, ta ɓalle, ta yi lilo a iska ta sauka a gaban ƙafarsa. Nomau ya yi kabbara a hankali don kada ya firgita masu saye. Ya ɗauki galan ɗin mai, ya ɗauki takardar a matsayin shaida.

"A gabana ya sauko, Yaya. Har ƙasa."

Hansai ta sa tabarau ta karanta. Ya ɗara na makon jiya da kaɗan.

Wata rana, bayan ta ƙulla masa kuɗin gwangwanin madara na biyu daban a gefen takarda, Hansai ta shiga ƙorafin zamani.

"Mu da muka saba, ko tumatir ka saya a kasuwa sai an ɗora maka biyu a kai. Su waɗannan ba su san gyara ba ne? Yau kada ka baro wurin sai an yi maka gyara."

Da ya iso wajen biya, yarinyar da ke kan na'ura ta zuba masa kaya a leda. Nomau bai motsa ba, layi kuma ya fara tsawo a bayansa.

"Malam, an gama."

"Saura gyara."

"Gyara kuma? Nan ba ma gyara. In gyara kake so, ga mai aski nan a shago na gaba."

Ya gode mata ƙwarai da wannan kwatance. Mai aski ya yi masa gyaran fuska na ƙasaita, ya daidaita gemu, ya fitar da saje, ya bi da hoda da turare. Abin da ya nema bai wuce kuɗin da aka ƙulla daban ba, wanda Nomau ya ɗauka a matsayin alamar cewa Yaya ta san farashin tun daga gida.

Baba ne ya fara ganin sa a zaure. "Maraba da baƙo. Daga ina?"

Hansai ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ta zauna kusa da mahaifinta ta sassauta murya.

"Baba, in Asabar mai zuwa ma haka ta kasance, sai dai mu haƙura da madara gaba ɗaya. Kuɗin ba ya kaiwa."

"Ba komai, uwata. Na sha ta shekara casa'in, ba na bin ta komai."

Nomau ya shafa gemunsa mai ƙamshi, ya ji duk ya tsane shi.

Wata rana, wato Asabar ɗin da aka ambata, Hansai ta riƙe hannunsa kafin ta saki kuɗin.

"Sun ce a kanti ba a ciniki. Ni ban yarda ba, babu mai kayan da ba ya son a taya. Duk wanda ka gani da kaya a hannu, ka taya. Kuma ba tayar keke nake nufi ba."

"Haba Yaya, ai ni ba yaro ba ne."

A ƙofar Mai Gilashi bai ga kowa da kaya a hannu ba. A gefen ginin kuwa ga wata babbar mota, mutum biyu suna sauke katon-katon na madara da taliya da mai, gumi har ƙafa. Nomau ya jingine keke ya naɗe hannun riga.

"Sannunku da aiki. An ce in taya."

Direban, wani siriri mai suna Sallau, bai tsaya binciken wanda ya ce ba. "Allah ya saka wa wanda ya ce. Bismilla."

Suna ɗaukar katon ɗaya-ɗaya, Nomau yana ɗaukar uku. Da aka gama ya ga har yanzu akwai kaya a motar, wato tayin bai ƙare ba. Ya ɗora kekensa a baya ya hau. Mota ta tsaya a Mai Tuta, aka sauke sauran. Daga nan ta nufi cikin birni, wani makeken sito a bayan tasha, inda aka tarar da tirela na jiran a sauke ta. Nan ma mutane ne da kaya a hannu.

La'asar ta yi kafin mai siton, Alhaji Barau, ya kira shi. Ya daɗe yana kallon sa daga kan kujera.

"Kai kuma wa ya ɗauke ka aiki?"

"Ba kowa, Alhaji."

"To nawa za a ba ka?"

"Ba a ce in karɓa ba. An ce in taya."

Alhaji ya dubi Sallau, Sallau ya ɗaga kafaɗa. "To me ya fito da kai daga gida?"

Sai a lokacin Nomau ya tuna da cefane. Ya zaro takardar cefane da kuɗin, duk sun jiƙe da gumi, ya miƙa da hannu biyu. Ya ce Baba ne ba shi da haƙori, kuma saniya ta yi tafiya. Alhaji bai gane zancen saniya ba, amma ya gane takardar. Ya sa aka haɗa duk abin da ke ciki a farashin sari, wanda yake ba kantunan nan biyu kafin su ɗora kuɗin gilashi da na fanka. Madara gwangwani uku ta shiga. Ya mayar masa da ragowar kuɗi, ya ce duk Asabar ƙofa a buɗe take, ko ya taya ko bai taya ba.

Hansai tana bakin zaure tun azahar, ranta ya gama zuwa asibiti da ofishin 'yan sanda ya dawo. Ta dubi kayan da ke ɗaure a keke, ta dubi canjin da ya zuba mata a hannu.

"Nomau, ka ji tsoron Allah. Wa ka zalunta?"

Ya ba ta labari tiryan-tiryan, ya ƙara da abin da ya fi ba shi mamaki. "Yaya, ashe kayan Mai Gilashi da na Mai Tuta duk daga mota ɗaya suke sauka. Ni na sauke su."

Ta buɗe baki za ta faɗa masa cewa ba wannan tayin take nufi ba. Sai ta ji ƙarar cokali daga ɗakin Baba, wanda ya hangi gwangwanayen ya fara neman kofinsa, ko da yake ba safiya ba ce. Ta rufe bakin. Shekara talatin tana gyara wa mutane kuskure, ranar ce ta fara haɗiye gyara.

"Allah ya yi maka albarka, ƙanena," ta ce. "Ɗora ruwan zafi."

Tun daga ranar shayin Baba fari ne Asabar zuwa Asabar. Hansai ta haɗa gidaje biyar na maƙwabta, suna sayen katon su raba, Nomau ke ɗaukowa bayan ya gama taya mutanen sito, don har yanzu ba a janye umarnin ba. A majalisar ƙofar masallaci an daina yi masa dariya. Akwai ma wani malamin makaranta da ke cewa tun farko ya lura mutumin yana da zurfin ciki, kuma masu aure kan tare shi a hanya su nemi shawara kan farashi.

Nomau dai har yau bai san nawa ake sayar da gwangwanin madara ba. Ba a taɓa ce masa ya tambaya ba.