Habu na Manshiya, Gwanin Lissafi

Ko zan manta da komai na zamanmu a Sabha, can ƙasar Larabawa, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da 'yata Jummai ta miƙe a tsakiyar matan biki tana cigiyar abokin karatunta. Har yau idan abin ya faɗo mini ina cikin aiki, sai in ajiye abin da ke hannuna in rufe fuska, in yi ta dariya ni kaɗai.

Lokacin arzikin mai ne. Duk inda ka juya a garin gini ake yi, manyan motoci na ta sauke siminti, 'yan uwanmu na Nijar da na Najeriya suna ta kwararowa neman aiki. Maigidana yana da ɗan shagon atamfa da turare a kasuwa, muna haya a unguwar Mahdiya, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Jummai na da shekara bakwai, ita kaɗai Allah ya ba mu a lokacin, kuma ba mu sa ta makarantar gari ba. Dalilin da muke faɗa wa mutane shi ne iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, ba ta fito ba, kuma ai baɗi za mu koma gida (baɗin nan ta yi shekaru tana hanya ba ta iso ba). Dalilin da ba na faɗa kuwa shi ne ji da kai. Na yi makarantar horon malamai a Kano kafin aure, saboda haka a ganina duk faɗin Sabha babu mai koya wa 'yata abin da ban fi shi iyawa ba.

Sai na buɗe makaranta a tsakar gida. Ni ce hedimasta, ni ce malamar aji, ni ce mai buga ƙararrawa (murfin tukunya da ludayi). Allonmu ƙyauren wani tsohon kabad ne da maigida ya shafa wa baƙin fenti. Ɗaliba kuwa ɗaya tal, kullum ita ce ta ɗaya a ajinsu.

Da farko abin ya yi armashi, don yarinyar akwai kai. Amma da tafiya ta yi nisa sai ta fara sanyi. In ba ta lissafi, ta yi rabi ta tsaya kallon tururuwa. Ran nan na daka mata tsawa na ce ta yi sauri, sai ta dube ni ta ce, "Umma, wa zai riga ni?" A ajin da na sani, yaro na ƙoƙari ne saboda na gefensa ya ɗaga hannu. Ita kuwa na gefenta buta ce.

Ana nan wata yamma maigida yana shan shayi da gyaɗa irin na mutanen garin, yana ba ni labarin abokinsa Malam Isufu, wani magini mutumin Maraɗi da ke zaune a unguwar Manshiya. Na taɓa hango shi sau ɗaya, dattijo ne, furfura ta fara cin gemunsa. Maigida ya ce, "Habun Malam Isufu ɗin nan akwai wayo! Allah dai ya raya shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Ni kuma ban tambayi komai ba. Na tuna furfurar uban, na yanka wa Habu shekara tara, na ɗauke shi a makarantata ba da sanin iyayensa ba.

Washegari da Jummai ta fara kallon tururuwarta, sai na ce, kamar ba da gayya ba, "Habu na Manshiya ya gama irin wannan tun jiya. Goma bisa goma ya ci."

Ta ɗago kai da sauri. "Wane ne Habu?"

"Wani yaro ne kusan sa'anki. Shi ma a gida yake karatu."

Ranar ta gama lissafin tun ruwan tuwo bai tafasa ba.

Shi ke nan na samu magani. Habu ya haddace sau tara. Habu ba ya ɓarin tawada. Da na ga yana aiki sai na fitar da shi daga aji na shigar da shi sauran harkokin gida. Habu yana wanke ƙafa kafin ya hau katifa, Habu yana cin miyar kuɓewa ba ya yamutsa fuska. Na ba shi kyan rubutu, na ba shi ladabi (da an bar ni da tuni na kai shi jami'a). Maigida bai san wainar da nake toyawa ba, don da sassafe yake fita shago. Ko ranar da Jummai ta tare shi a ƙofa ta ce, "Baba, yaya Habu?" cewa ya yi, "Lafiya ƙalau, yana ta girma," har yana murna 'yarsa ta san zumunci.

Ita kuma sai tambayoyi. Habu yana da ƙanwa? Dabino ya fi so ko alawa? Shi ma yana tsoron kare? Duk amsar da ta zo bakina ita nake ba ta. Na lura idan ta shimfiɗa tabarmar karatu tana barin gefe guda ba ta zama a wurin, amma ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka kishin Habu ne ke cinta, ina ta yaba wa kaina dabara.

Sai ga gayyatar biki. An kawo wa ƙanen Malam Isufu amarya daga Maraɗi, za a yi yini a gidansu. Na tuna da Habu, amma na lallashi kaina cewa yaro ɗan shekara tara ai yana can waje wajen maza, ina shi ina tsakar gidan mata. Na fiddo atamfata mafi tsada, na sha turaren shago kamar ba na sayarwa ba ne. Jummai kuwa tun da asuba ta yi wanka, na ga tana ƙulle wani abu a gefen gyalenta. Muka hau tasi tare da maigida sai Manshiya.

Tsakar gidan ta cika maƙil da mata, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, har da maƙwabtansu Larabawa. Ga taliyar makarona a manyan faranti, ga kaset na ta kiɗa. Wata da ta san ni ta gabatar da ni: "Wannan ita ce Malamar da ke koyar da 'yarta da kanta." Wayyo, sai kaina ya kumbura. Na gyara zama na fara lacca, cokali a hannu. Na ce ai karatun gida ya fi komai, yaro ba ya kwaso halin banza, ba ya koyon ƙarya (ku riƙe wannan). Mata na ta gyaɗa kai, ni kuma ina ƙara ɗaga murya.

Daidai nan Jummai ta miƙe tsaye, ta haɗa ƙafafu kamar yadda na koya mata in za ta ba da amsa a aji, ta ce da ƙarfi, "Salamu alaikum. Don Allah ina Habu na gidan Malam Isufu?"

Wata mata mai fara'a da ke rabon abinci da goyo a bayanta ta juyo. Ita ce matar Malam Isufu. Ta ce, "Ke ɗiyar Kano, mi za ki yi mishi?"

"Abokin karatuna ne. Shi ne mai cin goma bisa goma."

Matar ta yi dariya, ta kwance majanyi ta sauko da goyon, ta ɗaga shi sama. "To ga shi nan."

Jama'a, jariri ne. Ko rarrafe bai ƙware ba. Kumatu suntuma-suntuma, yawu na dalala har wuya, haƙora biyu sun ɗan leƙo a ƙasa. Ashe wayon da maigida ke nufi shi ne yaron yana gane muryar babansa.

Jummai ta girgiza kai. "A'a, ba wannan ba. Babban, wanda ya haddace sau tara."

"Ɗiyata, Habu guda ne garemu. Yayyenshi duk mata ne."

"Amma Umma ta ce yana cin miyar kuɓewa ba ya yamutsa fuska!"

Wata tsohuwa da ke jingine da bango ta ce, "Wannan? Ko kunu sai an yi kokawa da shi!"

Gidan ya ɗauki dariya, sannan duk kawuna suka juyo wajena. Cokalina na tsaye tsakanin faranti da baki, makarona na lilo. Maimakon in yi shiru in sha kunyata, sai na ƙara wa kaina. Na ce, "Ai... ai wani Malam Isufun nake nufi." Tsohuwar nan ta ce, "Wane? Kaf Manshiya shi kaɗai ne, kuma a gidansa kike cin abinci." Wata har da faɗuwa kan ta kusa da ita. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, turaren da na sha duk ya koma gumi.

Jummai ba ta yi dariya ba. Ta kwance ƙullin gyalenta, sai ga jan fensirin da babanta ya sayo mata tun da daɗewa, wanda ta ƙi yarda a fiƙe. Ta ce a hankali, "Na kawo masa ne. Na ɗauka zai riƙa zuwa gidanmu muna yi tare. Na ajiye masa wuri a tabarma."

Dariyar ta mutu. Ni kuwa sai a lokacin na gane abin da na yi. Ina can ina murna na samo mata abokin gasa, ita kuma duk watannin nan aboki take jira. Kunyar da na ji a gaban mata ba komai ba ce a kan wadda na ji a gaban 'yata.

Jummai ta matsa ta miƙa wa jaririn fensirin. Gogan naka ya cafke da hannu biyu, ya danna a baki ya hau tsotsa. Maman Habu ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ayyururui! Ga shi ya fara karatu!" Gida ya sake ɓarkewa, wannan karon har da Jummai, tana dariya tana share ido.

Maman Habu ta ƙwalla kira, sai ga 'yan mata uku sun fito daga ɗaki, ta tsakiyar, Hadiza, sa'ar Jummai ce. Ta ce, "Ga ƙawa na samo muku." Kafin in ce wani abu sun ja ta sun yi bayan gida. Da na leƙa sai na tarar suna carafke da 'yan duwatsu. 'Yata mai haddar sau tara ba ta iya cafe dutse ko ɗaya ba, ba ta ma san ana jiran layi ba. Ta yi fushi ta taho wajena, ta yi rabin hanya ta koma. Ita ce ta ƙarshe a kowane zagaye, kuma rabon da in ga fuskarta ta washe haka har na manta.

Da za mu tafi Maman Habu ta rako ni ƙofa, ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, kar ki ji komi. Mu ma ɗiyanmu suna nan zaune, ba sa zuwa lakwal, ba karatu ba komi. Tun da kin ɗauki ƙanensu ba da izininmu ba, ki ɗauki yayyenshi da izini."

A cikin tasi Jummai ta ce, "Umma, ashe ƙarya kika yi?"

Na ce, "Ƙarya na yi. Ki yafe mini."

Sai ta ce, "To su Hadiza za su zo da gaske, ko su ma irin Habu ne?"

Maigida da ke gaba ya juyo yana tambayar wane Habu. Da na warware masa, ya yi ta dariya har direba ya rage gudu yana tambayarsa da Larabci ko lafiya.

Su Hadiza sun zo da gaske. Malam Isufu ke sauke su da safe in zai tafi wajen gini. Bayansu yaran maƙwabta suka biyo, har tabarma ta yi kaɗan muka ƙaro wata. Na kuma sauke girman kan da ya sa nake ganin ni kaɗai na isa. 'Yar maigidan hayarmu ta riƙa shigowa tana koya musu Larabci, ran Alhamis kuma mu rufe allo mu tafi Manshiya, a yi wasa a ci a sha. Jummai ta fara zuwa ta uku, wani lokacin ta huɗu. Ta yi kuka, ta yi zuciya, ta yi faɗa da Hadiza a kan abin goge rubutu, su shirya kafin azahar. Ban sake buƙatar ƙirƙiro kowa ba.

Habu kuwa da ya isa shiga aji, a hannuna ya faɗo. Allah ya ba shi kirki da fara'a, amma shi da lissafi ko ga maciji. Sai da muka kusa cinye damin alli kafin ya yarda biyu da biyu huɗu ne. Duk da haka sunan ya bi shi, har ya yi gemu mutanen Manshiya ba su san shi da wani suna ba sai Goma Bisa Goma.

Don haka duk wadda ta zo neman shawarata a kan koyar da yaro a gida, nakan ce mata ta koyar, babu laifi, amma ta nemo masa yara na gaske waɗanda za su kayar da shi a wasa su kuma ci abincinsa. In kuma har ta ƙi ji sai ta yi masa gori da ɗan wani, to don Allah ta fara tambaya ko an yaye shi.