Barau Magini da Yaɓen Haƙori

"Duk abin da likitan Kano yake yi da allura, ni da hannu nake yinsa, kuma nawa ya fi daɗewa."

Haka Barau magini ya faɗa a kasuwar Toranke, shekarar da aka fara karatun firamare kyauta. In ba ka san Barau ba, gajere ne mai faɗin kai, wanda ya laƙaba wa kansa Injiniya, mutane kuma suke ce masa Sarkin Yoyo in ya ba da baya. Abu guda Allah ya ba shi: haƙora farare tas, da wushirya. Ko goro ba ya ci don kada su ɓaci. Su ne ma suka sa Larai, wata bazawara a Gaya, ta yarda yake zuwa zance. Ta ce in ya yi dariya takan manta da sauran fuskar. Yayanta Hamma ya sa masa Juma'a ya zo a yanke magana, da sharaɗin shi zai yaɓe mata soro kafin damina.

To, Barau ya yi aikin kwana uku a katangar wani asibiti a Kano. Ta taga ya hango likita yana shafa wa yara wani abu a turamen haƙori. Ya tambayi wata nas, ta yi masa bayani a tsanake: turame suna da 'yan ramuka inda abinci yake maƙalewa har haƙori ya ruɓe, shi ne ake toshe su tun da lafiyarsu, yaro ko babba.

Barau ya ce, "Au, yaɓe ne ashe. Shi ne har sai an je Ingila?"

Ya dawo gida ya jiƙa kwasfar ɗorawa, ya haɗa makuba irin wadda ake shafa wa soro don kada ruwa ya shiga. Ran kasuwa ya yi shela a kawo yara. Iyaye suka taru, amma ba wanda ya miƙa ɗansa. Wata tsohuwa ta ce ai mai magani shi yake fara lasa.

Barau ya hau turmi ya buɗe baki. Ya shafa a turame. Sai ya tuna ba a yaɓe bayan gida a bar gaba, ya bi na gaban ma ya shafe. Wani ya ce ya isa haka. Barau ya ce makuba sai hawa uku, kuma kowane hawa sai ya sha rana. Nan ya zauna, baki sama, tun hantsi har la'asar. Ƙudajen 'yan nama duk suka yi ƙaura zuwa wajensa. Da aka miƙa masa madubi, ya ga haƙoransa sun koma launin daɓen ɗakin tsohuwa. Kafin ya sauko daga turmin, iyaye sun kwashe 'ya'yansu.

Ya ce in ta kama za ta washe. Ba ta washe ba. Ya goga asuwaki, ya goga gawayi, ya goga toka har dasashi ya yi jini. Makuba ta ce ai kai ka ce in zauna.

Saura kwana ɗaya Juma'a. Mutum mai hankali da ya je ya faɗa wa Larai gaskiya. Barau kuwa ya ce bango in ya yi duhu, farar ƙasa ake sa masa. Ya dama ta da ƙaro don ta kama, ya shafa hawa biyu, ya sake shan rana.

Ya isa zauren Hamma cikin riga mai sitaci, yana gaisuwa da haƙora a waje, don in leɓe ya sauka sai ya manne. Hamma ya dube shi ya tambaya ko lafiya. Barau ya ce farin ciki ne.

Larai ta shigo da kunun tsamiya mai zafi. Barau ya ce ya ƙoshi. Hamma ya ce a gidan nan ba a yanke magana da wanda ya ƙi kunun ƙanwarsa. Barau ya ɗaga ludayi. Kurɓa ta farko lafiya. A ta biyu ya ji wani abu ya motsa. Ya yi wa Larai murmushin nan da ya saba, sai ɓawon haƙoran gaba ya ɓallo gaba ɗaya, har da hoton wushiryar a jiki, ya faɗa cikin ƙwarya.

Hamma ya leƙa ƙwaryar, ya leƙa bakin.

Barau ya ce, "Yaya, hawan sama ne. Na ƙasan yana nan daram."

"Na gan shi," in ji Hamma.

Larai ta sa ludayi ta tsamo ɓawon, ta ajiye masa a gaba a hankali. Sannan ta juya wajen yayanta.

"Hamma, a nemo mini wani maginin. Yaɓen da bai jure kunu ba, ina zai kai damina?"