Gwajin Janar Biro

Duk wanda ya ce jarumai sun ƙare bai taɓa shiga ofishin Shugaban Kwamitin Ɗaukaka Ƙarar 'Yan Mazan Jiya ba. Can za ka same shi, ƙirji a gaba, gashin baki a murɗe, sanye da kaki mai aljihu huɗu da tela ya ɗinka masa don ya yi kama da na soja. Bai taɓa zuwa filin daga ba, amma ya kalli finafinan yaƙi har ya gaji. Ma'aikatansa kan kira shi Janar Biro a bayan idonsa. Da labarin ya kai kunnensa, sai ya riƙe Janar ɗin, ya yar da biron.

Aikinsa shi ne sauraron tsoffin sojojin da aka hana diyyar naƙasa. Daga teburinsa babu sauran wata ƙofa, in ya ce a'a, magana ta mutu. Shi kuwa bawan Allah, tausayin baitulmali ne ya yi masa yawa, shi ya sa a'a ta fi masa sauƙin fita.

"Likitoci suna da kirki," in ji shi, "amma ba su san soja ba. Ni na san soja. Mu da muka sha wuya a wannan fanni, kallo ɗaya ya ishe mu."

Saboda wannan zurfin ilimi ne ya ƙirƙiro gwajinsa. Zai bar mai ƙara ya zauna, ya tambaye shi iyali, ya yi masa murmushi. Sai kwatsam ya daki tebur ya daka tsawa: "A ƙame!" Tsohon da ya yi rabin rayuwarsa a fareti, jikinsa kan riga hankalinsa jin umarni. Zumbur zai miƙe, ko da ƙashin bayansa zai tsage. Kafin zafin ya dawo da shi kujera, Janar ya riga ya yanke hukunci: lafiyarsa ƙalau.

Ranar da wani babban baƙo ya zo daga hedikwata da mai ɗaukar hoto don ganin wannan basira, Janar ya sa aka goge tebur har yana ƙyalli, ya ƙara wa gashin bakinsa mai. Wanda layi ya faɗo a kansa wani tsohon Saje ne, dogo, siriri, yana dogara sandar ƙarfe. Ɓarɓashin bam ya daɗe a ƙugunsa, yanzu wurin ya fara ruɓa. Asibiti sun ce ko a yi aiki da wuri ko a yanke ƙafar, aikin kuwa sai kwamiti ya yarda cewa naƙasasshe ne.

Matarsa ce ta rako shi. Ta riga ta ji labarin gwajin a bakin matan da ke jira a baranda, don haka tana zama ta cafke gefen rigarsa.

"Maigida, don girman Allah," ta raɗa masa, "ko sama zai tsaga da ihu, kada ka motsa."

Janar ya yi gaisuwa, ya tambayi yara, ya saci kallon mai hoto ya ga ya shirya. Sai ya daki tebur.

"A ƙame!"

Kafaɗun Saje suka zabura. Ya damƙi hannun kujera, jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya keto masa, amma bai tashi ba. Janar ya sake tsawa. Ya ƙara, har muryar ta sirance ta koma ta zakaran da bai gama koyon cara ba. Babban baƙo ya duba agogo.

Da wani ne, da ya ji kunya. Janar kuwa ba a rasa shi da dabara. Ya gyara kwala, ya juya wajen baƙo.

"Ranka ya daɗe, ka ga amfanin ƙwarewa. Sojan gaske ba ya jin umarni ya zauna. Wannan mutumin bai taɓa zama soja ba. Wataƙila dako ya yi a bariki, yanzu ya zo cin haƙƙin mazaje."

Saje ya jure ciwon ƙugu shekara da shekaru, amma wannan kam bai iya jurewa ba. Ya fizge rigarsa daga hannun matar, ya miƙe tsaye cak, ya buga ƙafar nan mai ciwo a ƙasa, ya sara wa baƙo, idonsa cike da hawaye. Sai ƙugun ya ƙi. Ya zube ƙasa gaba ɗaya, sandarsa ta daki wani kabad na ƙarfe, ɗakin ya ɗauki ƙara kamar an harba bindiga.

Ko da aka waiwaya, babu Janar a kujera. Takalmansa kawai ake hangowa ta ƙarƙashin tebur. A hanyar shigarsa can ya gwara goshi da katako, ƙulu ya fito masa kamar ƙwan kaza. Matar tana kuka tana tallabe mijinta, mai hoto ya rasa wanda zai ɗauka. Daga ƙasan tebur murya ta fito tana rawa:

"Kun gani ko? Ya tashi! A rubuta lafiyarsa ƙalau."

Aka rubuta. Ba a daɗe ba asibiti suka yanke ƙafar Saje daga cinya.

Shi ma Janar bai yi sakaci da lafiyarsa ba. Ya shigar da buƙatar diyyar raunin da ya samu a bakin aiki, ya zauna a matsayin shugaba ya saurari kansa cikin natsuwa, ya ga hujjojinsa sun gamsar. Aka amince a zama ɗaya, ba tare da kowa ya yi masa tsawa ba.

Yanzu in mai ƙara ya fara kukan ciwo, Janar kan ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya shafa goshinsa a hankali.

"Haba, ɗan'uwa, wa za ka faɗa wa zafin rauni? Ai mu ma mun zubar wa ƙasar nan da jini."

Ƙulun dai ko fashewa bai yi ba.