Ranar da Na Tara wa Baba 'Yan Jana'iza

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara wa mahaifina 'yan jana'iza alhali yana nan da ransa ba.

Lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata sakandaren 'yan mata da ke Gwale ba. Adabin Hausa aka ba ni, aka kuma ɗora mini ƙungiyar wasan kwaikwayo, don babu malamin da ke so. Ni kuwa ji na yi kamar an naɗa mini sarauta. Tun ina ƙarama nake haɗiyar littattafan soyayya, irin waɗanda ake haya a bakin kasuwa, har ta kai in mutum ya ce mini sannu da taushin murya sai in wuni ina fassara.

Baba, dattijo mai sayar da turare a kasuwar Kurmi, bai so ba. "Koyar da karatu na sani," in ji shi. "Amma koya wa 'ya'yan mutane ƙarya da rana tsaka?" Da ƙyar Umma ta shawo kansa, bisa sharaɗi guda: duk ranar da wasan ya jawo masa magana a unguwa, ranar zan ajiye shi, in ta kama ma in ajiye aikin baki ɗaya.

Aka ce mu shirya wasa don taron iyayen yara. Na zauna na rubuta labarin wata budurwa da saurayinta ya rasu ana gab da ɗaurin aure. (A lokacin ban san ana iya ƙare labari ba tare da an kashe wani ba.) Sai dai yarana ba su iya kuka ba. Rumasa'u, wadda na ba matsayin budurwar, da an ce mata ya rasu sai ta rufe baki tana ƙyalƙyala dariya. Ga shi an fara jarrabawa, shugabar makaranta ta hana duk wata hayaniya.

Da safiyar Asabar ɗin hawan jinin Baba ya motsa. Umma ta riƙo shi zuwa adaidaita sahu, duk lungunmu na Mandawari ana kallo ana yi masa sannu. Can ta bugo ta ce da sauƙi, magani suke jira, sai wajen azahar za su dawo. 'Yar kirki da ta yi hamdala ta ɗora girki. Ni kuwa na dubi tsakar gida fayau babu kowa, na ga dandali. Na aika aka kirawo yaran da ke kusa.

Na yanka albasa na rarraba musu. Na ce, "Rumasa'u, rufe ido. Tuna an yi miki lalle, an kawo lefe, sai ga mutum ya shigo ya kasa haɗa ido da ke." Na yi ta zuba irin kalaman da na haddace a littattafai. Kwatsam yarinyar nan ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla ƙara.

"Wayyo Allah! Ya tafi ya bar mu! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Sauran suka ɗauka. Ni ma hawaye suka zubo mini shar, don daɗi da tausayin rubutuna, ina cewa, "Yawwa, ku ƙara!"

Abin da na manta shi ne, a cikin gari katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci, tarinka ma ana ji. Sai ga Iya Falmata, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, ta faɗo ko sallama babu, mayafi a hannu. Ta dubi yara suna birgima, ta dube ni fuska jage-jage, ta rungume ni.

"Daga asibitin aka bugo? Allahu akbar! Ya haƙuri, 'yar nan?"

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan tambaya amsarta a kan harshe take. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya ce, "Haƙuri da godiya, Iya."

Ina rufe baki ta fice tana salati.

Ban san inda mata suka fito ba. Tsakar gida ta cika, kuka na gaske ya danne na albasa. Rumasa'u ta ga manya suna kuka, ta zaci da gaske mahaifin Malama ya rasu, ta sake ɓarkewa da wanda ya fi na farko. Na miƙe ina cewa, "Wallahi Baba yana nan! Gwaji muke yi!"

Wata ta ce, "Ku riƙe ta, ta zautu. Haka Binta ta gidanmu ta yi da nata uban ya rasu."

Aka zaunar da ni da ƙarfi, aka shafa mini ruwa a fuska. Wayata na ɗaki, tsakanina da ita mata sun fi a ƙirga. Daga waje ina jin ana jan tabarmi, wani yana tambaya ko an aika a ɗauko makara, wani yana cewa samari su wuce maƙabarta da diga. Ba ma aikin nake tunani ba yanzu. Mutumin da jininsa ya hau da safe ne zai dawo ya tarar da wannan.

Na fizge na yi zaure da gudu, daidai lokacin da adaidaita ta tsaya a bakin lungu. Baba ya sauko riƙe da ledar magani. Wasu maza suka miƙe, wani ya ja da baya har ya taka takalman jama'a. Baba ya dubi tabarmi, ya ji kuka daga cikin gidansa, ledar ta suɓuce daga hannunsa. Ya dafa bango.

"Wa ya rasu? Ina yarinyar nan? Na ce ina yarinyar nan?"

Limamin unguwa ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "Alhaji, ai kai ne."

Haka na fito gaban dattawan unguwa, ido ja, ɗankwali a karkace, ɓarin albasa a hannu (wallahi sai daga baya na lura ban yar ba), na durƙusa na yi bayani tun daga lalle har lefe. Babu wanda ya yi dariya. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Bayan la'asar Baba ya kira ni. Na shiga na riga na yi bankwana da alli a zuciyata.

"Da na ga tabarmin nan, ke na zata," ya ce. Ya kau da kai, ya ja carbi. Sannan ya ce, "Wanda ya iya tara Mandawari kafin azahar ya iya aikinsa, ba zan hana ki ba. Amma za ki bi gida-gida ki ba da haƙuri. Kuma wannan saurayin naku, ki tashe shi. Ba a ƙara mutuwa a wasanki."

Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, kowace tsohuwa sai ta sa na maimaita mata labarin daga farko. Saurayi kuwa ya warke, aka ɗaura aure, iyaye suka tafa.

Tun daga nan nake gaya wa ɗalibaina: a cikin gari babu ɗan kallo. Duk wanda ya ji kukanki shigowa wasan zai yi, kuma da makararsa zai zo.